Rikicin gona a Kutama: Sanin ƙofar kotu ya fi ƙarfin hujja

Duk lokacin da damina ta ƙarato, rikicin gona kan taso a garuruwan yammacin Kano irin su Kutama da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo da ƙauyukan Kabo. Wani na cewa gadon mahaifinsa ne, wani na cewa saye aka yi, wani kuma jingina. Abin takaicin shi ne mai gaskiya kan iya rasa shekaru da dukiya saboda kawai ya shiga kotun da ba ta da hurumi.

Kotunan Najeriya hawa-hawa ne. A ƙasa akwai kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda suka maye gurbin kotunan yanki a Kano bayan dawo da shari'a a shekarar 2000. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli da ke Abuja, wadda hukuncinta shi ne na ƙarshe.

Inda gizo ke saƙar shi ne hawa na biyu. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga lamuran iyali: aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Idan 'yan'uwa ne ke jayayya kan rabon gonar mamaci, nan ce hanya. Idan kuwa maƙwabta ne ke jayayya kan wane ne mai gonar ko ina iyakarta take, Babbar Kotu ake zuwa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000.

Ga manomi, gona gona ce. Ga doka kuwa, waɗannan shari'u biyu ne daban. Hukuncin da kotu ta yanke ba tare da hurumi ba rusasshe ne, ko da mai gaskiya ta bai wa gaskiya. Sai mutum ya sayar da hatsi da dabbobi, ya yi ta zarya zuwa Kano, ƙarshe a ce masa ya koma ya sake lale.

Wasu za su ce ai aikin lauya ke nan. Haka ne, amma manoma nawa ke iya ɗaukar lauya tun daga farko? Shi ya sa ya kamata ɓangaren shari'a na Kano ya wajabta wa kowane alƙali ya bayyana wa masu ƙara da Hausa, bayan hukunci, kotun da za su ɗaukaka ƙara da wa'adin da suke da shi, a kuma rubuta hakan a takardar hukunci. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kasafi.

Dagatai da hakimai ma na da rawar takawa. Ba kotu ba ne, amma sulhun da suka yi aka rubuta, aka sa shaidu, yana iya hana rikici tsallake bakin gari. Wanda sulhu ya gagara, ya tambayi kansa kafin ya biya kuɗin mota: wannan gado ne ko mallaka? Amsar ce za ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.