A Bar 'Yan Matanmu Su Shiga Aikin Kwana-Kwana

Jama'a, gobara ba baƙuwa ba ce gare mu. Ran 2 ga Janairu 2025 wuta ta cinye kasuwar Kantamanto a Ankara, ran 21 ga Maris kuma ta kama Adum a Kumasi. Mata 'yan kasuwa da yawa sun kwana da jari, sun wayi gari da toka. Amma duk da haka, in yarinya ta ce tana son aikin kashe gobara, sai ka ji dattawan zongo suna cewa wannan ba aikin 'yar Musulmi ba ne. To, mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Mu dubi Maleshiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne. 'Yan kwana-kwanansu, waɗanda su ke kira Bomba, sun soma ne a 1883 a jihar Selangor, mutum 15, dukansu maza. Yau kuwa akwai mata cikinsu a Kuala Lumpur da sauran garuruwa. Suna ɗaura ɗankwalinsu, su sa kayan aiki bisa, su fita. Addininsu bai ragu ba. Nan Ghana ma, a 2025 aka ba Daniella Mawusi Ntow Sarpong shugabancin 'yan kwana-kwana na ƙasa duka, ita ce mace ta fari da ta riƙe shi.

A can Kuala Lumpur ɗin aka yi wani abin tausayi wanda ya kamata kowane mai makarantar allo ya sani. Ran 14 ga Satumba 2017, gab da asuba, wuta ta kama makarantar haddar Alƙur'ani ta Darul Quran Ittifaqiyah. Almajirai 21 da malamai 2 suka rasu. Ɗakin kwanansu ƙofa ɗaya gare shi, wuta ta tare ta, tagogi kuwa an dasa musu ƙarafa. Ashe ba haka ɗakunanmu da yawa su ke ba?

Watau rabin aikin kwana-kwana a kan yi shi ne tun wuta ba ta tashi ba: a duba ƙofa, a duba waya, a duba tukunyar gas da kurfoti. A ina waɗannan su ke? Cikin gida, inda namiji baƙo ba ya shiga. Mace ma'aikaciya kuwa sai ta yi sallama ta wuce har madafa, ta nuna wa uwargida cewa ba a zuba ruwa kan mai in ya kama wuta, rufe shi a ke yi.

Masu cewa babu asali, su tuna da Rufaida, wadda ta kafa tantinta tana jiyyar masu rauni zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi. Ceton rai aikin lada ne ga namiji da mace.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in an buɗe ɗaukar ma'aikata, kada a hana yarinya mai ƙarfi da natsuwa. Muna roƙon sarakunan zongo da limamai su gayyato mata 'yan kwana-kwana su zaga gidaje da makarantu. Kowa kuma ya riƙe lambar nan, 112, ya koya wa yaransa.

Allah ya tsare mu da gobara, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin.