Wai Fara Ko Mayya Ce!

Wallahi na gaji da jin maza a majalisa suna zagin mata masu bilicin, kamar ba su suka hura wutar ba. Zauna da samarin Dandume bayan la'asar ka sha labari: wannan mai tarbiyya yake nema, wancan mai addini, ɗayan mai haƙuri. Ƙarya ce. Bari kaka ta yi, a sayar da masara, kuɗi su zauna a aljihu, tambayar farko da za a yi wa mai dalilin aure ita ce, "Fara ce?"

Irin wannan saurayin fa idan ya shiga kasuwar Dandume sayen hatsi ba ya yarda da bakin buhu. Sai ya cusa hannu ya ɗebo na ciki, ya tauna ƙwaya ya ji ko ta bushe. Amma uwar 'ya'yansa, a hoton waya zai zaɓe ta, bai tambayi yadda take magana da mahaifiyarta ba, bai tambayi maƙwabta ba. Har da bakinsa yake cewa fara ko mayya ce. Wannan zaɓin ai halinsa ya tona: mai son a gani ne, abokai yake yi wa aure.

To yarinya baƙa kyakkyawa, ko wankan tarwaɗa, tana kallon ƙannenta ana kai su ɗaki, me kuke so ta yi? Sai ta nufi shagon kayan shafa a Funtua. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man ƙara haske, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin. Wasu mayukan akwai sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu suna cinye fata ta sirance har ɗinkin tiyatar haihuwa ya ƙi kamawa. Dubi gaɓoɓin yatsun mai bilicin sun yi baƙi ƙirin, kumatu sun ƙone.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wani angon da kansa yake zuba man a akwatin lefe. Fuska ta lalace, shi ne na farkon ƙyamarta, wata kakar ya ƙaro wata farar. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Iyaye, duk wanda ya zo neman 'yarku yana zancen launin fata, ku sallame shi tun daga zaure.