Ko rafali ya yi daidai, me ya hana shi duba bidiyo?

Masu cewa VAR ce ta kashe daɗin ƙwallo, ku matso kusa. Kwana uku ke nan ana tafka musu a ɗakin kallo na hostel ɗinmu na 'yan mastas, kuma ba a kan Arsenal ba, a kan ragbi lig, wancan mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare. Kar ku yi dariya, mu ma muna ciki: Najeriya ta ɗauki kofin yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019.

Wasan da ake magana tsohon wasa ne, na kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na 2017, Ingila da Tonga a Auckland. Saura kamar minti bakwai a tashi, Ingila na da 20, Tonga ba ta da ko ɗaya. Sai 'yan Tonga suka farka, suka dire ƙwallo a bayan layi sau uku, aka koma 20 da 18. A daƙiƙun ƙarshe Andrew Fifita ya nufi layi, Elliott Whitehead ya kai masa hannu, ƙwallo ta faɗi, Fifita ya sake ɗauka ya dire. Rafali Matt Cecchin ya ce ƙwallon ta suɓuce masa ne gaba, babu maki. Fit, an tashi.

Duk rigimar a nan take. In ƙwace ƙwallon aka yi mutum da mutum, wasa na ci gaba, maki huɗun sun halatta, Tonga ta kai wasan ƙarshe. In riƙon ne ya yi sako-sako, laifin Fifita ne. Ni dai na fi karkata ga rafali, kuma shugabannin alƙalan wasa ma sun mara masa baya. Amma fa alƙalin bidiyo na zaune, an biya shi, na'urori na aiki. Ƙasar da mutanenta ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, ga Fifita ya bar Ostareliya, Taumalolo ya bar New Zealand don su buga mata, a ce ba za a ba su minti ɗaya a babban allo ba? Haba! Masu kare shi sun ce ya riga ya yanke hukunci kafin a dire. To ai shi ne kuskuren: a bar wasa ya ƙare, sannan a duba.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai, kowa a nan ya san irinta. Sakamako ya fito, ka ga C a kwas ɗin da ka kwana kana karantawa. Wataƙila C ɗin ce haƙƙinka, wallahi yana yiwuwa. Amma ka nemi a nuna maka takardarka ka ga yadda za a kalle ka. Dokar sake maki tana nan a rubuce, sai dai wa zai taɓa ta alhali mai duba aikinsa abokin malamin ne?

Masu barazanar kashe Cecchin kuwa, su ba na tare da su ko kaɗan. Mutumin har cewa ya yi zai bar alƙalanci a NRL a 2018 saboda abin da ya biyo baya.

Ingila ta je wasan ƙarshe, Ostareliya ta cinye ta 6 da 0 a Brisbane. Bidiyon na nan a YouTube. Ku kalli hannun Whitehead a hankali ku gaya mini, ƙwace ne ko suɓucewa?