Jar Danja Haƙƙinmu Ce

Mu mazauna lungunan Tudun Wada mun gaji da jin direbobi suna cewa tsayawa a danja ɓata lokaci ne. Lokacin wa? Ku zo bakin layinmu da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ku ga mai Keke Napep ya ɗebo 'yan makaranta, yana ta leƙen titin da ya taso daga Ƙofar Doka ya nufi Sabon Gari. Mahaɗarmu ba fitila, ba mai ba da hannu. Duk abin da muka dogara da shi shi ne tazarar da ke tsakanin mota da mota.

To wa ke samar da tazarar nan? Duk inda aka tsayar da motoci kafin su iso gare mu, ko da danja ko da hannun jami'i. In an tsayar da su sai su taru, in an sake su sai su taso ayari guda, bayansu titi ya yi fayau. A wannan ɗan sarari ne mai keke ke shiga, tsohuwa ta tsallaka. Direban da zai ratsa babban titi yana buƙatar kamar daƙiƙa shida zuwa bakwai. Wanda ya karya danja kuwa tsakiyar sararin yake faɗowa: daƙiƙa goma ta rabu biyar-biyar, kowa ya rasa. Shi yana ganin wayo ya yi, alhali rabonmu ya sace. In jira ya yi yawa, haƙuri ya ƙare, sai mutum ya kutsa kai da ƙarfi, daga nan sai asibiti.

Masu tsara titi ma ba mu wanke su ba. In ja ta daɗe fiye da kima, layin motoci zai miƙe har ya toshe bakin lungu, mu zama fursunoni a unguwarmu. Littafin lissafin hanyoyi na Amurka na shekarar 2000 yana sa danjar da ke cikin mita 400 a lissafin mahaɗar da ba ta da fitila. Mu kuma ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya a nan Zariya tun 1986, masana ba su yi mana nisa ba.

Saboda haka kafin a saita kowace danja, a zo a ƙirga motocin lungu. Kai kuma direba, in ka ga ja ka taka birki. 'Ya'yanmu ne a cikin keken nan.