Manomin Kirki Ba Ya Cin Iri

A 2008 ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta doke ta. Ƙungiyar da ta ɗanɗana irin wannan ɗaci takan so ta sayar da matasanta, ta sayo gwanayen da za su kawo kofi nan take. Wannan kuskure ne. Baƙon gwani kakar wasa ɗaya yake yi ya wuce, albashinsa kuma ya lashe kuɗin renon yara. A Garwa Vincent Aboubakar ya goge kafin Valenciennes ta Faransa ta ɗauke shi a 2010. Ba a hana matashi tafiya, amma kuɗin cinikinsa filin horo ya kamata su koma, domin a samu magajinsa.