Tarihin Lugu Ya Wuce Yini Guda

Ku tsayar da ɗan makaranta a Yamai ko Damagaram, ku tambaye shi wace ce Sarauniya Mangu. Nan take zai ce ita ce jarumar da ta tari Nasara da yaƙi. Ku ƙara masa da cewa: ina garinta yake, me mutanensa suke nomawa? Sai ya yi shiru. Wannan shiru ba laifin yaro ba ne, laifinmu ne mu malamai, da muka ɗauki sunan mace muka bar ƙauyenta a baya.

Lugu tana nan ba ta ɓace ba. Ƙauyen manoma ne a ƙasar Arewa, cikin karkarar Dan Kasari, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, a jahar Doso. Ƙasa ce ta jigawa da fako da tuddan jan dutse, inda damina ɗaya tak ke ciyar da gida shekara guda, hatsi da wake su ne dukiya. Dattawa na cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, dutsen Tunguma na yi mata jagora har ya tsaya a nan. Sarautar kuma ba ta ƙare da Mangu ba: idan Sarauniya ta rasu, ana ɗaukar gawarta a yi tarkama domin ta nuna magajiyarta. Wane littafin makaranta ne ya bayyana wa yaranmu wannan tsari?

Abin da muke koyarwa shi ne yini guda na watan Afrilun 1899, ranar da rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa garin, mutanensa suka yi tsayin daka sannan suka janye cikin daji. Ko wannan ɗin ma daga ina muka samo shi? Daga takardun waɗanda suka kai harin, da littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986. Ba na raina aikin waɗannan magabata biyu, su ne suka fid da sunan Sarauniya duniya. Amma littafin ƙagaggen labari ne da aka rubuta da Faransanci, fim ɗin kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Shin ya dace a ce hoton Lugu da ke cikin kawunanmu ba ma ƙasar Lugu ba ce?

Na san abin da wasu ke faɗa a ɓoye: wai al'adun Azna ne, bai kamata a kai su aji ba. Ina ce musu sanin abu daban, bin sa daban. Muna koya wa yara tarihin Fir'aunan Masar ba tare da kowa ya ce mun bar hanya ba. Don me sai tarihin kakanninmu ne zai zama abin kunya? Wanda ya ɗauki jaruntar Mangu ya jefar da al'ummar da ta haife ta, ya yanke reshe ne yana jiran ya yi ƴaƴa.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu waƙar kuwa tsufa suke yi, kowace shekara ana binne wasu da abin da suka sani. Saboda haka ina kira ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu: ku je Lugu da alƙalami da na'urar ɗaukar murya. Ku rubuta sunayen gonaki da rijiyoyi, da jerin Sarauniyoyi, da shekarun yunwa, da inda zuriyar waɗanda suka watse ta zauna, da Hausar da aka faɗa muku. Wanda Lugu ta yi wa nisa, ya fara da ƙauyen da aka tura shi koyarwa, domin can ma akwai tsohon da ke jiran a tambaye shi.