Rubutun Sinanci a Kan Kwali Ba Ya Gwada Fitsari

Wata huɗu kawuna ya yi yana shan wani shayi mai rubutun Sinanci a kwalinsa, saboda fitsari na yi masa gardama. Mai shagon ya ɗora masa tafin hannu a kan wata na'ura, ya leƙa kwamfuta, ya ce sanyi ne ya taru a mara. Ranar da fitsarin ya tsaya cak, da tsakar dare muka kwashe shi zuwa asibiti a Maraɗi aka sa masa roba. Ashe furostat ce ta kumbura, ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har fitsarin da ke taruwa ya fara taɓa ƙoda. Da muka koma wajen mai shagon, sai ya ce, "Baba, ai ganye ne zalla, ba ya illa."

Wannan maganar ita ce ta fi ɓata mini rai, don ƙarya ce. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, aka ba mata maganin rage ƙiba mai haɗe da ganyen Sin. An yi kuskure aka sa wani tsiro mai suna Aristolochia a madadin wani. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, wasu suka koma wankin ƙoda, wasu daga baya sankarar hanyar fitsari ta kama su. Wani ɗan'uwan tsiron, guan mu tong, ya daɗe cikin haɗe-haɗen da ake sha don zafin fitsari, har hukumomin Sin da kansu suka hana shi a 2003. To wa ya duba abin da ke cikin kwalin da ake tallarsa a tashar mota? Mai sayarwar ma ba ya iya karanta shi.

Kada a ce na tsani likitancin Sinawa. Daga tsoffin littattafansu Tu Youyou ta gano hanyar fitar da artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da 'ya'yanmu ke sha, ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai gwaji ya kai shi nan, ba daɗewarsa ba.

Haka ma akufanca, wato tsira siraran allurai a jiki. A 2017 mujallar JAMA ta buga binciken da aka yi a Sin kan mata 504 masu ɗigar fitsari idan sun yi tari ko atishawa. Bayan mako 6, waɗanda aka yi wa allura mai ɗan lantarki sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa ta bogi. Na yarda da wannan. Amma ku lura da ƙanƙantar abin: ciwo iri guda, ƙwararrun hannu, allura mai tsabta, mata da aka riga aka tantance.

Mu kuwa me ke damunmu? Yaron da ke wanka a tafki yana fitsarin jini, tsargiya ce, ƙwayar praziquantel yake buƙata. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda ta tashi da yoyon fitsari, huji ne tsakanin mafitsara da farji, sai ɗinki. Allura dubu ba za ta toshe shi ba, kuma wanda ya karɓi kuɗinta da wannan alkawari ɓarawo ne, ko da farar riga ya sa. Zafin fitsari da zazzaɓi ga mai ciki, ƙwayoyin cuta ne da kan hau zuwa ƙoda cikin 'yan kwanaki. Duk waɗannan "ciwon fitsari" muke ce musu, shi ya sa mai talla ke samun damar sayar musu da kwali ɗaya.

Allurar ma, in ana maimaita ta daga jiki zuwa jiki, ciwon hanta take rabawa.

Kawu yanzu yana kan maganin asibiti, duk wata uku ana duba ƙodarsa. Shagon yana nan a buɗe, jiya ma na ga an ƙara masa lasifika.